Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana: Haƙƙin Jaririn Da Ake Tatsar Masa Nono

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya tanadar wa jariri abincinsa a jikin mahaifiyarsa tun bai san yadda ake roƙo ba. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk shekara daga ranar 1 zuwa 7 ga watan Agusta ana gudanar da Makon Shayarwa na Duniya. Akan yi taruka, a gabatar da jawabai, a ja hankalin iyaye mata su ba jarirai nono zalla har wata shida, sannan kowa ya kama gabansa. Akwai wata uwa da ba a cika tsayawa a kanta ba a irin waɗannan taruka, alhali irinta sai ƙaruwa suke yi a garuruwanmu. Ita ce wadda take son shayarwa, nonon ma akwai shi, amma ita da jaririnta ba sa wuni wuri ɗaya. A cikinsu akwai malamar makarantar da hutun haihuwarta ya ƙare, da nas mai aikin dare, da ɗalibar jami'a ko kwalejin ilimi da jarrabawa ta riske ta cikin jego, da uwar bakwaini wadda aka sa ɗanta a kwalba, bai kai ƙarfin kama nono ba. Waɗannan duka hanya ɗaya ta rage musu: su tatsi nonon a ba jaririn. Ƙorafinsu kuma kusan ɗaya ne, cewa bayan 'yan makonni sai nonon ya fara ja baya har ya ƙafe.

Wani zai ce wannan zance na ungozoma ne, me ya kawo shi shafin addini? Amsa ita ce, shayarwa haƙƙi ce da shari'a ta yi wa hukunci, kuma ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. A kan wannan turba za mu yi maganar.

Matsayin shayarwa a shari'a

Alƙur'ani ya yi maganar shayarwa a wurare da dama. A aya ta 233 ta Suratul Baƙara an ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, aka ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban jaririn, aka hana a cutar da uwa ko uba ta dalilin ɗansu, aka kuma sharɗanta yarda da shawara tsakanin su biyu kafin a yaye yaro da wuri. Suratu Luƙman aya ta 14 ta sanya yaye cikin shekara biyu, Suratul Ahƙaf aya ta 15 ta haɗa ciki da yaye a wata talatin, Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 kuma ta wajabta a biya matar da aka saka ladan shayarwarta. Duk wanda ya duba waɗannan ayoyi zai ga ba a taɓa barin uwa ita kaɗai da nauyin ba. Ita ke da nono, amma akwai wanda aka ɗora wa samar mata da yanayin da za ta bayar da shi.

A Sunna ma haka abin yake. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, ya taƙaita saboda sanin halin da uwar yaron take shiga. Ya kuma jinkirta haddi a kan matar nan Bagamidiya har sai da ta haihu ta yaye ɗanta, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Idan tsawon sallar jam'i da zartar da haddi sun saurara wa jariri, to babu wani jadawalin ofis ko na makaranta da ya fi ƙarfin ya saurara masa.

Malaman tarihi, cikinsu har da Ibn Sa'ad, sun kawo wani labari na zamanin Sayyidina Umar da ya yi daidai da halinmu. Wani ayarin fatake ya sauka a Madina, Umar da Abdurrahman bin Auf suka kwana suna gadinsu. Cikin dare Umar ya yi ta jin kukan wani jariri. Da ya matsa wa uwar da tambaya, sai ta gaya masa, ba tare da ta san ko shi wane ne ba, cewa yaye shi take yi da ƙarfi, domin halifa ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da gari ya waye Umar ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya gaggauta yaye, kowane jariri yana da kasonsa tun daga ranar haihuwa. Umar bai tsaya ga yi wa uwar faɗa ba. Ya gane cewa tsarinsa ne ya tura ta, sai ya gyara tsarin.

Halin da ake ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suna ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na shekarar 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa a 2012 shi ne a kai kashi 50 kafin 2025.

Idan muka duba doka, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki a wurin. Mako shida kwana 42 ne. Wato a bisa zahirin doka, ma'aikaciyar kamfani ko makarantar kuɗi tana iya komawa aiki daidai lokacin da ta gama wankan jego, lokacin da nononta bai daɗe da daidaita ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da wata huɗu. Jihar Legas ta kai hutun ma'aikatanta wata shida a 2014, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019. Ɗaliba kuwa, wannan doka ba ta shafe ta ba sam, haka nan mai sana'ar hannu da 'yar aikin gida da ake biya a wata ba takarda.

Wannan sashe na 54 ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a cikin lokacin aiki domin ta shayar. Mata nawa ne suka san da wannan haƙƙi, kuma masu ɗaukar aiki nawa ne suke bayar da shi? Ga kuma tsadar rayuwa: tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, madarar gwangwani ta fi ƙarfin mafi yawan magidanta. Idan nono ya ƙafe a irin wannan gida, abin da ke biyo baya shi ne a tsinka madarar da ruwa fiye da ƙima don ta yi auki, ko a ɗura wa ɗan wata biyu koko. Daga nan sai gudawa da tamowa.

Yadda Allah ya tsara samuwar nono

Sanin wannan shi ne mabuɗin al'amarin duka. Jikin mace ba ya tara nono kamar randa da ake cikawa sau ɗaya. Ya fi kama da rijiya mai idon ruwa, wadda yawan ɗiba ke sa ta kawowa. Idan jariri ya tsotsa ko aka tatsa, jiki yakan saki wani sinadari da likitoci ke kira furolaktin, wanda ke sa a haɗa sabon nono, kuma ya fi yawa da dare. Akwai wani kuma mai suna oksitosin, shi ke sa nonon ya zubo. Natsuwa da jin ɗumin jariri da ƙamshinsa suna taimaka masa, tsoro da ɓacin rai da zafin ciwo suna tauye shi na ɗan lokaci. Idan kuma aka bar nono a cike na tsawon awanni, jiki yakan ɗauka ba a bukata, ya rage haɗawa. Saboda haka macen da ke cewa bari ta bar shi ya taru don ta samu da yawa, ita ce ke ƙafar da shi da hannunta ba ta sani ba.

Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Uwar da aka raba da jaririnta tun daga haihuwa, kamar uwar bakwaini, ana so ta fara tatsa cikin awannin farko, ta riƙa yi aƙalla sau 8 cikin awa 24, har da sau ɗaya cikin dare, kada ta bar tazara mai tsawo. Abin da ke fita a kwanakin farko shi ne dakashi, ɗan kaɗan ne mai kauri, kuma tatsa da hannu ta fi na'ura fitar da shi. Kada ƙarancinsa ya karya mata gwiwa, domin cikin jariri a ranar farko bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya ba a kowane sha. Ga bakwaini kuwa wannan ɗigon magani ne, yana kare hanjinsa daga wata muguwar cuta da ke kashe irinsu, ko da ta robar hanci za a ba shi. Rungume shi a ƙirji fata da fata, idan likita ya yarda, yana amfanar jaririn yana kuma ƙara nono.

Ita kuwa mai komawa aiki ko makaranta, ya kamata ta fara koyon tatsa kamar mako biyu kafin ranar komawa. A wurin aiki ta tatsa duk bayan awa uku, minti 15 zuwa 20, wato a daidai lokutan da jaririn zai sha da tana gida. Ta shayar da shi kafin ta fita, ta shayar da zarar ta dawo, ta bar shi ya sha son ransa da dare da ranakun hutu. Jariri tsakanin wata ɗaya da wata shida yana shan abin da ya kai mililita 750 a rana, kwatankwacin robar ruwa ɗaya mai santilita 75, kuma wani kaso ne kawai na wannan ake bukatar a tatsa. Na'urar tatsa tana taimakawa ga mai hali, amma hannu mai tsabta da kofi mai murfi da aka wanke aka tafasa sun wadatar. Ungozoma ko nas a asibitin sha-ka-tafi za ta iya nuna yadda ake yi cikin 'yan mintuna. Kuma abin da ya fita a tatsa ba shi ne ma'aunin nonon mace ba, domin jariri ya fi kowace na'ura iya cirowa. Ma'aunin gaskiya shi ne yaro ya yi fitsari sau shida ko fiye a rana bayan kwanakin farko, nauyinsa kuma yana ƙaruwa a awo.

Game da ajiya, ƙa'idar likitoci ita ce nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi, kwana 4 a firji, kimanin wata 6 a firiza, kuma yana iya kai kwana guda a kula mai ƙanƙara. Awa huɗun nan an ƙiyasta ta ne da ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura 40, ga kuma wutar lantarki da ba ta da tabbas, ƙaramar kula da ƙanƙara ta fi zama abin dogaro. Ba a tafasa nono. A tsoma mazubinsa cikin ruwan ɗumi ne. Wanda aka narkar ba a mayar da shi firiza. Bayar da shi da ƙaramin kofi ko cokali ya fi fida sauƙin tsabtacewa.

Abubuwan da ke ƙafar da shi a gidajenmu

Na farko shi ne ruwa. Kakanni sukan ce zafi ya yi yawa, yaro na jin ƙishi. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma duk cokalin ruwa ko dauri da ya shiga cikin jariri ya tare wurin nono, ya rage tsotso, raguwar tsotso kuma ta rage nono. Wannan ne ya sa gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa kafin wata shida a 2019. Mu malamai muna da rabo a nan: wanda ke son yi wa jariri addu'a ya karanta ya tofa masa, kamar yadda Annabi (SAW) yake nema wa Hasan da Husaini tsari. Babu wani nassi da ya wajabta ɗura wa ɗan kwana bakwai ruwan rubutu.

Na biyu shi ne zubar da dakashi da zargin nono da cewa ba shi da kyau, har a gwada shi da tururuwa. Wannan al'ada ba ta da tushe a shari'a ko a likitanci. Na uku, ɗora dukkan fata a kan kunun kanwa. Mai jego tana bukatar abinci mai gina jiki, kunun gyaɗa da fura da wake da zogale da nama gwargwadon hali, da ruwa duk lokacin da ta ji ƙishi, amma babu kunun da zai maye gurbin yawan tatsa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Na huɗu, wasu magunguna, kamar ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin da wasu magungunan mura, suna rage nono. Mai shayarwa ta sanar da likita halinta kafin a rubuta mata. Idan kuma nono ya kumbura ya yi ja, ga zazzaɓi, ta je asibiti, kada ta daina shayarwa ko tatsa.

Hukunce-hukuncen da ake yawan tambaya

Nonon mace mai tsarki ne. Idan ya taɓa tufafi ana sallah da su, kuma tatsa ba ta warware alwala, ba ta karya azumi. Game da azumin Ramadan, shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame idan ta ji tsoron cutuwar ɗanta. A mazhabar Malikiyya za ta sha, ta rama, ta ciyar da mudu ɗaya a kan kowace rana. Hanafiyya sun wadatu da ramuwa kawai. Wadda ta ga nononta na raguwa ƙwarai, ɗanta kuma bai kai cin abinci ba, karɓar rangwamen ba gazawa ba ce a addininta.

Mas'ala mafi nauyi ita ce 'yan'uwantakar shayarwa, wadda aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta haramta aure da ita. Jumhurun malamai, har da mazhabobi huɗu, suna ganin nonon da aka tatsa aka ɗura wa jariri yana haramtawa kamar wanda ya tsotsa; Ibn Hazm ne da wasu 'yan kaɗan suka sharɗanta kama nono. Malikiyya da Hanafiyya suna ganin ko kaɗan ne ya isa cikinsa ya haramta, Shafi'iyya da Hanbaliyya suka ce sai sha biyar. Saboda tsoron cakuɗuwar nasaba ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana kafa bankunan nono, ko da yake Majalisar Fatawa ta Turai ta sauƙaƙa daga baya. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, duk inda ake ajiye nonon mata fiye da ɗaya, a asibiti ko gidan raino ko gidan da ke da kishiyoyi masu goyo, wajibi ne a rubuta suna da lokaci a jikin kowane mazubi. Idan kuma larura ta sa wata ta ba ɗan wata nononta, wannan halal ne kuma alheri ne, Annabi (SAW) kansa Suwaiba da Halimatus Sa'adiyya sun shayar da shi. Sai dai a yi shi da sanin iyayen biyu, a tabbatar da lafiyar mai bayarwa a asibiti, a rubuta, a sanar da dangi, don kada a wayi gari bayan shekara ashirin an ɗaura wa wa da ƙanwa aure.

A kan wa nauyin yake?

Tunda nono yana bin yawan cirewa ne, to abin da mai tatsa ta fi bukata shi ne lokaci da wuri da kwanciyar hankali, waɗannan kuwa a hannun wasu suke. Maigida shi ne na farko. Ciyarwar da aya ta ɗora masa ta haɗa da abincin da zai riƙe mai shayarwa, da kula da ƙanƙara idan su ne hanyar isar nono ga ɗansa. Ya ɗauke mata wani abu na hidimar gida, ya tsaya mata da ladabi idan mahaifiyarsa ta matsa a ba yaro ruwa, ya kuma kame bakinsa daga cewa nononta ba ya isa, domin wannan kalma kaɗai tana iya tsayar da zubowarsa.

Sai masu makarantu da asibitoci da kamfanoni, musamman waɗanda ke ɗauke da sunan Musulunci. Ɗaki ɗaya mai ƙofa da kujera da ruwan wanke hannu bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Abin kunya ne a ce malamar Islamiyya tana tatsar abincin ɗanta a banɗaki. Rabin awa sau biyu da doka ta bayar shi ne mafi ƙaranci, Musulmi kuwa an san shi da ihsani. Jami'o'i da kwalejoji su tanadi ɗakin raino kusa da azuzuwa, su kuma yi wa mai goyo tsari a lokacin jarrabawa. Kwamitocin masallatan da ke harabar makarantu da sakatariyoyi za su iya keɓe wani lungu mai labule a sashen mata. Wannan sadaka ce mai gudana da ba ta cin kuɗi. Gwamnoni da 'yan majalisun jihohin da har yanzu ba su kai hutun haihuwa wata shida ba su tuna da Umar: ba daidai ba ne hukuma ta ce a ba da nono zalla wata shida, sannan ta kira uwar aiki a wata na uku.

Daga ƙarshe, akwai uwar da za ta yi duk abin da aka faɗa amma nonon ya ƙi isa, saboda rashin lafiya ko zubar jini mai yawa wajen haihuwa ko wani dalili. Ita babu laifi a kanta, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ayar shayarwa kanta ta buɗe ƙofar neman wata hanya. Ta bi shawarar likita a kan abin da za a ƙara wa yaron, ta ci gaba da ba shi ɗan abin da ke fita, kada kowa ya goranta mata. Tambayar ranar Alƙiyama za ta fi tsanani ne a kan wanda yake da ikon ba ta rabin awa ya hana.

Allah ya raya mana zuriyarmu a kan Musulunci, ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar raunana. Allah ne mafi sani.